Jiƙaƙƙiyar Bishiyar Asa'i

"...to Allah ya yi maka albarka, tunda ka roƙa. Amma ba don halinka ba."

Zuleide ta janye hannunta daga bakin jikanta Josimar, wanda ya sumbace shi yana neman albarka. An kwana ana ruwa, kogin ya cika har yana lasar matakalar gidan katakon. A gefen ragar lilon da take kwance a ciki akwai kwanon soyayyen kifi da garin rogo, sun huce. Tun da damina ta kankama asa'i, 'ya'yan wata bishiya dangin dabino da ake matsewa a sha, ya yanke, ita kuwa ba ta taɓa kai loma baki ba sai da ƙwaryar ruwansa mai kauri a gefe. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa.

Sai ta ga abin da ke rataye a kafaɗarsa: ƙawanyar ganye da ake zura ƙafa a ciki a hau bishiya, da wuƙa a ƙugu.

"Ina za ka da wannan, mai ƙafar kwaɗo?"

"Zangarniya ɗaya ta nuna a doguwar bishiyar bayan ɗaki. Zan sauko wa amaryata da ita kafin ta mutu ta bar min takaba."

"Wa ya ce maka zan mutu? Tsohuwar zuma da ita ake magani. Ni da asa'i ya raine ni, jinina ma kalarsa ne. Ko sauro ya cije ni sai ya yi ƙiba."

"Ƙiba? Jiya na ga wani ya cije ki, ya tafi yana kuka wai ƙashi ya tarar."

"Ƙarya kake, ɗan nema! Da ƙwarya guda ta asa'i a cikina na taɓa tuƙa kwalekwale har birnin Belem, na dawo rana ba ta faɗi ba."

"Na ji labari. An ce kwalekwalen ne ya gudo don ya gaji da surutunki. Kaka, malamar asibitin da ke zuwa a jirgin ruwa ta ce akwai mai a cikin asa'i mai riƙe jiki, yana kuma gyara ciki. Amma ta ce kifin nan shi ne zai mayar miki da ƙarfi. Ke kin ce ba kya cin gaya. To ya zan yi?"

"Malamar da na ga tana zuba wa nata sukari da ayaba? Wannan ce za ta koya min asa'i?"

Ya yi dariya, ya juya wajen ƙofa. Ta tagar baya Zuleide tana hango bishiyar, siririya, ta yi baƙi don jiƙa, kanta na lilo a iska. Irin wannan safiyar ce ɗanta Nonato, uban yaron nan, ya zura ƙafa a ƙawanya ya ce mata ta ɗora ruwan jiƙa asa'i. Ruwan ya tafasa har ya ƙone. Ba ƙarar faɗuwarsa ta fi tsaya mata a rai ba, shirun da ya biyo baya ne.

"Kai, biri! Zo nan."

"Biri ai hawa ne aikinsa."

"Biri mai tumbi? Kai da matakalar gidan nan ma sai ka huta a tsakiya? Kawo ƙawanyar in gani, na san ko ɗaurin kirki ba ka iya ba."

Ya miƙa mata. Ta juya ta sau ɗaya, ta cusa a ƙarƙashinta, ta zauna daram.

"Kaka!"

"Zo ka ɗaga ni, in ka isa."

"Ke da iska ke ɗauka? Ganye ya ƙare a daji ne? Yanzu zan murɗa wata."

Ba wasa a muryarsa. Ta dube shi, ta ga idonsa a kan wuyan hannunta yake, inda fata ta saki. Ashe shi ma a tsorace yake. Ya riga ya binne uba, ba ya son ƙari.

"Abin da babba ya hango daga raga," in ji ta, "yaro ko ya hau bishiya..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta jawo kwanon, ta ɓare kifin, ta dangwala a gari, ta kai baki. Garin ya shaƙe ta, busasshe kamar yashi. Ta tauna, ta haɗiye da ƙyar, ta sake ɗiba.

Josimar ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta. Can ya zare wuƙar daga ƙugu ya ajiye a kan kanta.

"Iko sai Allah. Zuleide na cin gaya! Bari in shiga kwalekwale in shaida wa duk bakin kogi."

"Ka faɗa wa kowa, in tsine maka. Miƙo min ruwa, mugun miji, za ka kashe ni da gari."

"Sai kin cinye har kan."

"Zan ci. Kai kuma ba hawa sai rana ta busar da bishiyar."

"Na yarda. Ba ni ƙawanyata."

Ta yi dariya, gari na fesowa daga bakinta, ta ƙara gyara zama a kai.

"Wannan kam sai rana ta fito ka ga inuwarka a ƙasa."