Sallau da Kibod ɗin Yaya Uwani

A ƙarshen layinmu akwai gidan marigayi Malam Jatau. Mutum biyu suka rage a ciki, Uwani da ƙanenta Sallau. Uwani ce ke ci da gidan, tana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago gefen kotu, tun zamanin tafireta. Shi kuwa Sallau, gemunsa har ya fara furfura, amma abin da aka ce masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Ni maƙwabciyarsu ce, na kuma sha cewa da a aike shi gara mutum ya ja ƙafarsa ya je da kansa.

To, idon Uwani ya fara rauni, ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Kibod ɗin kwamfutarta kuma mai laushin nan ne, ka danna ba ka san harafi ya shiga ko bai shiga ba. Sai ta fara zubar da haruffa. Lauyan da ke ba ta yawancin aiki ya ce in ya sake ganin sunan mutum da giɓi a takardar gona, zai kwashe aikinsa ya kai wani wuri. Shi ne ta ce sai ta sayi kibod mai ƙara, irin wanda kowane maɓalli yake amsawa ƙas in an danna shi. Ba ta iya rufe shago, dole sai Sallau.

Wata rana ta sa shi a mota zuwa birni, shagon wani Basiru. Ta ce, "Ka gwada kowane maɓalli kafin ka saya." Kibod ashirin da wani abu ne a shagon. Sallau ya naɗe hannun riga ya fara daga na farko, maɓalli ɗaya bayan ɗaya, da bismilla. La'asar ta yi yana kan na tara. Ya dawo hannu rabbana.

"Ina kibod ɗin?"

"Yaya, ban gama gwadawa ba."

Wata rana ta ce, "Mai nauyi za ka duba, shi ne mai ƙarko." Sallau ya rungumi guda huɗu ya fice daga shagon, Basiru na binsa da ihu. A teburin mahauci aka same shi, ya sauke tsokar mutane daga sikeli yana auna su ɗaya-ɗaya. Basiru ya kwana biyu yana goge kitse, yana tsine wa ranar da ya buɗe shago.

Wata rana ta ce, "Ni dai mai sauti irin na tsohuwar tafiretata nake so." Da asuba na ga Sallau ya yi gammo ya ɗora tafiretar a ka. Direba ya ce sai an biya mata kujera, ya biya. Duk yini yana danna wannan ya danna waccan, ya ce babu kibod ɗin da ke buga ƙararrawa a ƙarshen layin rubutu kamar tafiretar.

Ranar Alhamis lauya ya aiko da takardun gonaki bakwai, ya ce safiyar Litinin yake son su. Uwani ta gaji, ranta ya ɓaci. Ta ce, "Sallau, don Allah je ka zaɓo kamar yadda ni zan zaɓa."

Basiru ya jera masa na masu wasan gem a kwamfuta, masu fitilu ja da kore. Sallau ya kwance rawaninsa ya ɗaure idonsa tam. Ya karkata kai, yana lalube yana saurare, 'yan kasuwa sun taru suna ta dariya. Can hannunsa ya faɗa kan wani tsoho a ƙasan kanta, na hannu ne, ya yi jawur don tsufa, rabin haruffansa sun goge. Shi ya ɗauko ya kawo mata shago.

Da Uwani ta kai shi kusa da fuska, sai ta saki salati. "Wannan ai ko haruffa babu! Ka kashe ni, Sallau."

"Ke ai ba kya duba su, Yaya. Tun bara lumshe ido kike yi, ki miƙa kunne. Haka na yi."

Wallahi ni da nake zaune a benci sai da na ji kunya, don duk layin nan babu wanda ya lura sai wanda muke kira wawa. Uwani ta share ido da gefen mayafi, ta jona kibod ɗin, ta ɗora yatsu. Ƙas, ƙas, ƙas, har bakin kotu ana jiyo ta. Inda harafi bai shiga ba, kunnenta ke gaya mata. Ranar Litinin lauya ya bi takardun nan bakwai da bakin biro, bai sami giɓi ko ɗaya ba.

Washegari ta rufe shago, ta ce Sallau ya raka ta asibitin ido. Da za su tsallaka titi ta ce, "Riƙe min hannu." Har suka dawo gida da yamma bai saki ba, ita ma ba ta ce ya saki ba.