Yadda Za Ka Riƙe Matsafi Mai Hannu Shida Har Kwana Huɗu

Ni na fara ganinsa. Kafin surukina da ya sayi na'urar wasan, kafin abokansa masu cika mana falo da ihu ranar hutu, ni nan na tsaya gaban Matsafi Mai Hannu Shida, wanda a cikin wasan nasu na talabijin aka ce shi ke kunna rana shi ke kashe ta, kuma na fito da raina. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Amma na yi gadi shekara talatin da takwas, ƙofa tara, ko tsintsiya ba a taɓa ɗauka a hannuna ba. Ka bi matakan nan yadda na jera su. Na ba ka tabbaci, in ma za a mutu, ba a hannunka ba.

Mataki na 1: Samu jarumin da ba naka ba

Surukina, mijin 'yata ta biyu, wata bakwai yana kiwon wani jarumi a cikin akwatin nan. Ya samo masa sulke, ya samo masa takobi, har suna ya raɗa masa. Ranar da wurin aiki suka tura shi tafiya, ya durƙusa gefen kujerata ya ce, "Baba, don Allah a kula. Wannan rai ɗaya gare shi. In aka kashe shi, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar faɗa, shi ke nan, wata bakwai sun tafi."

Na ce, "Ni ina ruwana da wasan yara?"

Motarsa na barin layi na ɗauki rimot ɗin. Ba wasa na yi niyya ba. Mai gadi in ya karɓi gida, sai ya zaga ya taɓa ƙofofi.

Mataki na 2: Kada rubutu ya tsayar da kai

A cikin wasan za ka iske wata ƙatuwar ƙofa a ƙarshen matakala. Wani jan rubutu zai fito, layi uku. Daga baya aka ce min gargaɗi ne. Ni abin da aiki ya koya min, duk ƙofar da aka cika wa rubutu akwai kaya a bayanta. Tura ta. Za ta rufe da kanta bayan ka shiga. Wannan ba laifinka ba ne, laifin kafinta ne.

Mataki na 3: Bari ya gama magana

Zai sauko daga sama, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Tsawonsa ya kai bene, rawaninsa taurari ne ke zagaye shi. Zai yi dogon jawabi da Turanci, da irin muryar manaja ranar da zai sallami ma'aikata. Kada ka katse shi. Ni har gaishe shi na yi, bai amsa ba, daga nan na san babba ne.

Sai ya ɗaga hannuwa. Ɗaya wuta, ɗaya walƙiya, ɗaya ƙanƙara, biyu wani koren hayaƙi. Na shidan bai riƙe komai ba. Shi za ka fi sa wa ido. A bakin ƙofa ma, mai shigowa hannu wofi yana murmushi shi ke fita da janareta.

Mataki na 4: Tsayar da duniya

'Yata na yaɗawa cewa rimot ɗin suɓuce min ya yi don firgita. Tana kicin lokacin, ba ta gani ba. Ajiye shi na yi da sauri. Ya daki ƙafar tebur, madannin tsakiya ya dannu, komai ya tsaya cak. Matsafi baki buɗe, hannuwa a sama, dunƙulen wuta kamar tayar mota saura taƙi ɗaya ya sami hancin jarumi.

Kai ma ka ajiye naka haka. In bai dannu ba, ba ka ajiye da kyau ba.

Mataki na 5: Gadin soket

Nan ne aikin yake, nan kuma masu digiri ke faɗuwa, don ba su iya zama ba. Jawo kujera gaban soket ka zauna. Na'urar in ta daɗe ba a taɓa ta ba takan yi gyangyaɗi, sai ka ɗan motsa sandar rimot da ɗan yatsa, kamar yadda kake taɓa abokin gadi in ka hango motar oga.

A rana ta biyu 'yata ta fito da dutsen guga.

"Baba, matsa in jona."

"An rufe soket ɗin nan."

"Wa ya rufe?"

"Mai gadi."

Ta kalli talabijin, ta kalle ni. "Baba, jaruminsa ne wannan? Wayyo Allah. Bari in kira shi."

"Ki kira shi ki ce me? An mutu ne? Duba da kyau, ko ƙwarzane babu."

Ta tafi ɗaki da gugarta tana magana ita kaɗai.

A rana ta uku da azahar wuta ta ɗauke. Ɗan akwatin da ke riƙe wuta a ƙarƙashin talabijin ya fara kuka, kuma na san kukan nan ba ya wuce minti goma. Da gwiwar nan tawa mai ciwo na haura katangar maƙwabci, na tayar masa da inji, na jawo waya ta taga. Ya fito yana tambaya ko marar lafiya gare mu. Na ce masa rai ne a hannun Allah. Ban yi ƙarya ba.

Mataki na 6: Miƙa aiki gaban shaidu

Wannan shi ne uban matakan. Ranar da mai jarumi zai dawo, ka tabbatar akwai mutum biyu a falo. Ni na zaunar da 'yata da maƙwabcin nan.

Surukina ya shigo da jaka, ya gaishe ni, idonsa ya faɗa kan talabijin. Jakar ta sauka da kanta.

Na ce, "Zo nan. Da rai ko babu rai?"

"Da... da rai, Baba."

"Ƙirga. Hannu biyu, ƙafa biyu, takobi. Akwai abin da ya ɓata?"

"Babu, Baba. Amma ban shirya wa wannan ɗakin ba, ko magani ban..."

"Ka karɓa?"

Ya kalli matarsa, ta kalli silin. Ya ce, "Na karɓa."

Na sa masa rimot a hannu biyu. Ya goge tafinsa a wando, ya ja numfashi, ya danna. 'Yata ta miƙo masa ruwa a kofi, kofin bai kai tebur ba aka gama. Wutar ma ya kauce mata, a ba shi haƙƙinsa. Hannun nan na shida ne ya sauko wa jarumi a ka.

Surukina ya ajiye rimot ɗin. Can ya ce, "Ba komai, Baba," da wata murya da ban san yana da ita ba. Na dafa kafaɗarsa na ce kada ya damu, abin sai a hankali, ni ma ba rana ɗaya na koya ba.

In ka bi matakan nan surukinka ya koma gaishe ka daga bakin ƙofa, ko ya fara tafiya ofis da rimot a cikin jaka kamar nawa, wannan tsakaninku ne, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Wanda kuma ke ganin cika baki nake, ya je ya tambayi maƙwabci: ni kwana huɗu, surukina mai digiri ko kofi bai kai tebur ba. In bai gamsu ba, ya kawo jaruminsa na wata bakwai, ya nuna min ƙofar, ya yi tafiya. Kujerata na nan gaban soket.