Ranar da Muka Kai Digirin Sadiƙa Tantancewa

Jama'a, wata ranar Talata a kwanakin baya, da hannuna na tura babur tun daga bakin kasuwar Sabon Birni har ƙofar wani ofishi da ba za ni faɗi sunansa ba, ga ɗiyar yayana Sadiƙa tana biye da ni, ta rungume fayil kamar jariri. Man da na sha layin awa uku na saya ranar Litinin, ashe rabinsa ruwa ne. Allah ya saka wa masu sa ido a kan gidajen mai da alheri. Sun dubi zafin garinmu, sun ga bai kamata mutum ya sha ruwa babur ya zauna da ƙishirwa ba.

Bari in gaya muku wace ce Sadiƙa. Ubanta manomin gero ne a Kamarawa. Yarinyar ta ci jarrabawa, ta samu tallafin karatu a wata jami'a can kudu wadda wata coci ta kafa, ta yi shekara biyar tana koyon gwajin jini. Ta dawo da hijabinta da sallarta. Ta ce ma abokiyar ɗakinta, Kirista, ita ke tashinta sahur. Abin da kawai ya canza shi ne yanzu tana zuba yaji a miya har idon mutum ya kawo ruwa.

Asibitin Kamarawa kuwa babu mai gwajin jini. Ciwon kai maleriya, ciwon ciki maleriya, wanda ya faɗo daga amalanke ma sai an fara ba shi maganin maleriya. To, sai aka ce za a ɗauki ma'aikata, kuma Talata ce ranar ƙarshe ta tantance takardu. Wanda ya rasa hatimi a ranar, sai wata shekarar, in akwai ta.

Tun ranar Litinin maƙwabcina Jibrilla mai faci ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗan'auta, wagga takarda ta coci, ka tabbata tana aiki a nan? Kada a gwada jinin mutum ya fito da wani addini."

Na ce, "Jibrilla, allurar da anka yi maka bara, ka tambayi wanda ya ƙera ta ko yana alwala?"

Ya ce wannan daban, shi a kwance yake lokacin.

Muka shiga ofis. Akwai wani bawan Allah a bakin tebur, bari mu kira shi Sarkin Hatimi, don hatimin na cikin aljihun rigarsa, kusa da zuciya. Ya karɓi takardar, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ɗaga ta wajen taga kamar mai duba jabun kuɗi. Sai idonsa ya sauka a kan tambarin jami'ar, inda aka zana ɗan ƙaramin gicciye da bai kai ƙwayar wake ba.

Ya ce, "Malama, wanga digiri na coci ne. A coci yake aiki."

Sadiƙa ta ce, "Ranka ya daɗe, jami'ar tana cikin jerin waɗanda gwamnati ta amince da su. Sashenmu ma an tantance shi. Ga wasiƙar."

Ya duba wasiƙar. Ita ma da gicciye a samanta. Ya ce ai shaida ba ya yi wa kansa shaida, a kawo wasiƙar da jami'ar ta rubuta wadda ba ta fito daga jami'ar ba.

Ta ciro waya za ta nuna masa jerin sunayen. Babu sabis. Muka fita bayan ofis, na hau kan wani tulin bulo da aka sauke tun shekara shida don gina ɗakin jira, na ɗaga wayar sama har jerin ya buɗe. Muka dawo da gudu. Sarkin Hatimi ya kalla, ya ga sunan jami'ar ƙuru-ƙuru, ya ce, "Na gani. Amma waya ba ta da hatimi."

Na ce, "Yallaɓai, to ka buga mata."

Bai yi dariya ba. Ya ce magana ta fi ƙarfinsa, sai mun ga shugaban ofishin, Dakta.

Kada ku ce ban yi wa mutumin adalci ba. Jami'o'in bogi suna nan. Mun ga masu allo a saman shagon sayar da taya, wasu da sunan coci, wasu da sunan Larabci mai tsawo, suna yaye ɗalibi kafin wake ya nuna. Don haka tantancewa wajibi ce. Sai dai ni a jahilcina na ɗauka jerin sunaye ake dubawa. Ashe zanen tambari ake dubawa.

Awa biyu muka yi a kan benci kafin Mai Girma Dakta ya iso, da motoci uku, ɗaya tasa, ɗaya ta jakarsa, ɗaya ban ga abin da ta ɗauko ba. Aka shigar da mu. Ofis ne mai sanyi, janareto na aiki don shi kaɗai. A bango, bayan kujerarsa, ga wata ƙatuwar takarda cikin gilashi mai ruwan zinariya, ga hotonsa a gefe da jar alkyabba da hula mai tuntu.

Dakta ya saurari Sarkin Hatimi, ya gyara zama, ya yi mana jawabi na minti ashirin a kan ingancin ilimi. Ya ce shi da ya sha wahalar kaiwa matakin dakta ba zai bari a shigo da takardun da ba a san asalinsu ba. Ni dai ina ta "haka ne, ranka ya daɗe." Sadiƙa kuwa ba shi take kallo ba, bango take karantawa.

Da ya numfasa, ta ce a hankali, "Baffa, ashe Dakta ma irin makarantarmu ya yi."

Dakta ya ce, "Mi kika ce?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, takardarka na gani. An rubuta kwalejin nazarin Littafi Mai Tsarki ce ta ƙasar waje. Digirin girmamawa ne a fannin shugabancin coci. Ga kurciya nan da gicciye a ƙasa, fulawar roba ce ta ɗan kare su."

Dakta ya juya ya kalli bangonsa kamar yau ya fara ganinsa. Na rantse muku, mutumin nan bai taɓa karanta takardar ba. A wani otal aka yafa masa alkyabba, aka ɗauki hoto, aka ci shinkafa, ya dawo gida Dakta.

Sarkin Hatimi, don ya taimaki maigidansa, ya ce, "To ai sai a duba, tana cikin jerin."

Sadiƙa ta ce, "Na duba tun muna benci, don an rubuta sunanta a katin da ke ƙofa. Ba ta ciki."

Ni kuma na ce, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, in sabis ne matsala, akwai bulo a baya, za ni hau in sake dubawa."

Dakta ya yi tari. Ya ce ilimi ai ba ya da addini, kuma shi tun farko abin da yake ƙoƙarin fahimtar da ma'aikatansa ke nan. Ya yi wa Sarkin Hatimi tsawa don ya ɓata wa baiwar Allah lokaci. Hatimi ya fito daga aljihu, ya sauka a kan takardar Sadiƙa har sau uku, ɗaya ma a kan gicciyen. Muna fita na waiwaya, na ga masinja ya hau kujera yana sauke gilashin daga bango.

A hanya sai na ga yarinyar tana share ido da gefen hijabi. Ta ce, "Baffa, da bangon nan babu komai a kansa, da shekara biyar ɗina ta tafi." Na ci gaba da tura babur.

Sunanta ya fito, an tura ta Kamarawa, uwarta ta raba fura har maƙwabta. Ta kama aiki, an ba ta ɗaki da farar riga da kujera. Na'urar duba jinin ce dai ba ta iso ba. An ce tana hedikwata, an kafa kwamitin mutum tara su tantance ta. Na ji daga Sin aka sayo ta, don haka ina roƙonku ku taya mu addu'a kada kwamitin ya tambayi a wace makaranta ta yi karatu.