Ranar da Na Yi Noma Gaban Sufeto

Na dawo Kazaure lokacin da arzikin fetur ya fara shigowa, bayan shekara shida ina koyarwa a wata sakandare ta 'ya'yan ƙasashe daban-daban a Kartum. A can ɗalibi yakan ce wa malami ya yi kuskure, da Larabci ko da Turanci, kuma a yaba masa. Na ƙudura sai na kafa wannan tsari a gida.

Ranar da sufeto ya zo daga Kano don ya yanke ko za a bar ni da tsarina, na kwashi aji zuwa gonar makaranta. Na naɗe hannun riga, na duƙa ina cire ciyawa, ina bayani da harsuna uku. Ɗalibai, duk 'ya'yan manoma, suka sunkuyar da kai. Na ɗauka natsuwa ce.

Da na gama layi biyu, sufeto ya yi gyaran murya.

"Malam, geron ka tuge. Harƙiyar ka bari."

Na juya ga ɗalibai. "Ban ce ku riƙa gyara mini ba?"

Babbansu ya ce, "Malam, ai ka girmi Baba."

Aka soke tsarin. Har yau, in damina ta faɗi, ɗaliban nan sukan zo da furfurarsu su durƙusa: "Allah gafarta Malam, yaya harƙiyar bana?"