Gadon Ƙasar Inna da Allon Mai Girma

Jama'a, idan kun ga rubutuna na wannan makon yana karkarwa, ku yi mini uzuri. Ranar Talata da sassafe aka gan ni, ni Iliyasu, da furfurata da komai, na naɗe wando har gwiwa ina tsalle a cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa a tsakar gidanmu na Sara, haƙorana suna kaɗa kalangu. Sau biyu santsi yana kwashe ni. Maƙwabcina Ɗanbala ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam Iliyasu, lafiya? Ko an fara rawar zaɓe ne ba a gaya mana ba?" Na ce masa hukunci nake karɓa, kuma na cancanta.

Yaran yanzu ba su san gadon ƙasa ba. Dakali ne ake ginawa a ɗakin tsohuwa, a bar rami a ƙarƙashinsa da 'yar ƙofa, a zuba garwashi, ɗumi ya ratso sama. Muna yara, da muku-muku ya sauka, mu tara muke cushewa a kan na Inna, mahaifiyata, muna rigimar wa zai samu tsakiya. Mu tura dankali cikin tokar, mu zauna gadinsa kamar dukiyar gado. Wanka kuwa hannun riga muke yi da shi, sai dai a wanke fuska da ƙafa a ce an gama. Inna ta bi mu da man kaɗanya tana cike mana kaushi, mu fito muna ƙyalli kamar ƙosan da aka tsamo yanzu. Wallahi ban taɓa jin daɗin duniya irin na lokacin ba.

To, shekara shida da suka wuce, sai ga Mai Girma Uban Haske, Fitilar Karkara, Allah ya ƙara wa hularsa tsawo. Ya zo da jerin motoci, aka kakkafa falwaya, aka dasa wani ƙaton allon katako a bakin hanya da hotonsa yana murmushi. Ya ce lantarki zai iso kafin Sallah. Bai faɗi wace Sallar ba, mu ma saboda ladabi ba mu tambaya ba.

Hausawa suna da karin magana a kan wanda ya ga hadari ya yi wanka da abin da bai kamata ba. Ba zan ƙarasa ba, jarida ce. A makon da aka dasa allon na ɗauko diga na rushe gadon Inna, na sayo mata katifa da hita mai ɗumama ɗaki. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, sai ta ce, "Kai wannan, ka bari a ga hasken tukuna mana." Na ce, "Inna, zamani ya zo."

Zamani dai har yau yana hanya. Falwayoyin suna nan tsaye ba waya, jakuna suna sosa baya da su, kuma dole a yaba, ba ɗaya da ta faɗi. Hita tana cikin kwalinta. Kazar matata ta yi ƙyanƙyasa sau huɗu a kanta, saboda haka ba za a ce ba ta ɗumama kowa ba.

Duk shekarun nan da kaskon wuta Inna take lallaɓawa, har bara garwashi ya kama gefen zanenta, Allah ya tsare. Na hana kaskon. Sai ga rediyo ranar Lahadi tana cewa daga Juma'a za a yi sanyin da aka shekara talatin ba a ga irinsa ba. Inna ta haura tamanin, gwiwoyinta ba sa miƙewa, ga tari. Nan dariya ta ɗauke mini. Tsoro ya kama ni sosai, don na san da hannuna na rushe abin da zai tsare ta.

Litinin na buga babur sai Kangire, wurin Malam Badamasi, tsohon maginin da aka ce shi kaɗai ya rage da ya iya gadon ƙasa. Iyalinsa suka ce ai mota ta zo ta ɗauke shi zuwa Birnin Kudu. Na bi sawu. Kun san gidan da na tarar da shi? Gidan Mai Girma Uban Haske! Ga janareto yana gurnani, ga faifan sola jere a kan rufi, ga Malam Badamasi ya fito bakin ƙofa da laka har gwiwar hannu.

Na ce, "Baba, me kake yi a nan?"

Ya ce, "Gadon ƙasa nake gina wa Hajiya Babba, mahaifiyar mai gidan. Ta ce ita ba za ta kwana da injin da ke ɗaukewa ba sallama ba."

"To ni fa? Tawa tsohuwar?"

"Yaro, ba a fafe gora ranar tafiya. Uwayen manya biyu ne a layi bayan wannan. Ka dawo bayan sanyi."

Na yi ta dariya a kan babur har Sara, mutane suna kauce mini. Ashe Mai Girma ya fi mu sanin alkawarinsa. Wannan ai hangen nesa ne, irin wanda ake nema a wurin shugaba.

Na isa gida na zayyana wa Inna. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wanda ka rushe ɗin, wa ka zaci ya gina shi? Ni da uwata muka gina, kana goye a bayana. Je ka haƙo jar ƙasa."

Dalilin rawar Talata ke nan. Inna ta zauna a kujera 'yar tsugunno, lulluɓe da bargo biyu, da sanda a hannu. "Ƙara ciyawa. Taka da kyau, ba kwai ba ne. Wannan ƙofar ai ko ɓera sai ya sunkuya." Rabon da in ji muryarta da ƙarfi haka, na manta. Kafin la'asar gado ya tashi, ɗan karkatacce, amma gado.

Saura bushewa. Inna ta ce sai an yi kwana uku ana hura masa wuta a hankali, da busasshen itace mai jimiri, ba kara ba. Ina zan samu? Sai ga Ɗanbala yana jan wani abu a ƙasa. Allon Mai Girma ne. Gara ta cinye ƙafafunsa tun damina, ya kife a cikin kwata, ba wanda ya zo ɗagawa. Ɗanbala ya ce, "Mu da aka yi dominmu, ai gara mu amfana." Muka faskara shi da girmamawa, muka fara ta wajen murmushin.

Jiya Juma'a sanyin ya iso kamar yadda aka faɗa, ruwan buta ma sai da na yi masa sallama kafin in taɓa. Na leƙa ɗakin Inna da hantsi. Na tarar ta miƙe ƙafafu a kan gadonta, jikoki shida sun kewaye ta suna faɗa a kan dankali. Ta ce, "Kai wannan, Allah ya yi maka albarka. Rufe mana ƙofa." Na rufe, na tsaya a waje ina share ido, na ce wa Ɗanbala hayaƙi ne.

Saboda haka ina miƙa godiyar mutanen Sara ga Mai Girma, aikinsa ya ɗumama tsohuwa guda bayan shekara shida. Na ji an ce zai dawo da sabon allo kafin zaɓe. Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya muke roƙo: a taimaka kada a yi na ƙarfe.