Ranar da Na Durƙusa wa Mai Aski a Al Buteen

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na durƙusa wa mai aski a Dubai ba.

A 2012 ne, ina aiki a wani ofishin kago, masu jigilar kaya, a unguwar Port Saeed ta Dubai. Duk Juma'a bayan masallaci mukan taru a shagon Isaka, wani mai aski ɗan Zangon Kumasi, a wani lungu na Al Buteen. Aski minti goma, surutu awa uku. Ni ne shugaban surutun (ba zaɓe aka yi ba, ƙarfin murya ne ya ba ni).

Wata Juma'a muka tarar da baƙuwar na'ura kusa da almakashi. Isaka ya ce wani nas ɗan Kano da yake yi wa aski ne ya kawo, ya koya masa awon hawan jini, kyauta, tunda mu maza ba ma zuwa asibiti sai an ɗauke mu ranga-ranga.

Kyauta? A Dubai? Wanda ya zauna can ya san yadda kalmar gwaji take tsorata baƙo. Ba a sabunta biza sai an gwada lafiyarka, kuma kowa yana da labarin wani da aka gwada aka sa shi a jirgi. Tawa bizar saura wata biyu.

Na miƙe na ce, "Jama'a, kada wanda ya miƙa hannu! Abar nan akwai layin waya a cikinta. Tana matse ka, sakamakon yana ofishin biza kafin ka sauke hannun riga."

"Haba Alhaji, batir ne kawai a ciki, chale," in ji Isaka (wato abokina, a bakin 'yan Kumasi).

"Ai haka za su ce maka, habibi."

Har Baba Sule direba, dattijon da ya riga ya naɗe hannun riga, ya warware abinsa a hankali. Ranar na koma gida ina jin na ceci al'umma.

Abin da ban faɗa musu ba, wata uku ke nan ƙeyata tana sara kamar ana kirɓa sakwara a ciki. In na sauka daga bas a unguwarmu, International City, sai in ga benaye suna rausaya. Ranar Talata da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori ko kyanwa daga titi, na saci jiki daga ofis. Na leƙa shagon: Isaka kaɗai.

"Yalla, gwada ni da sauri. Amma cire layin tukuna, kuma in wani ya ji, ban yafe ba."

Ya ɗaura, abar ta matse. Ya dubi lambar, ya dube ni, ya sake gwadawa. Sai ya daina murmushi.

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba, cikin tarin gashin mutane (ni da tumbina, ka ƙiyasta). Na riƙe ƙafarsa. "Isaka, don girman Allah kada ka tura! 'Ya'yana huɗu a Kano! Ka ce na Baba Sule ne, shi ai ya kusa ritaya!"

Sai aka yaye labulen bayan shago, inda Isaka yake salla. Baba Sule ne, hannun riga a naɗe, da mutum uku a bayansa, duk 'yan majalisarmu. Ashe kowa ya saci jiki ya zo, in ya hango wani tafe sai ya faɗa bayan labule.

"Nawa ne ko, Alhaji?" Baba Sule ya ce. "Jiya jiri ya kusa kifar da ni da motar mutane. Kwana huɗu ka hana ni awo, yau kuma za ka ɗora mini naka?"

Isaka ya kira nas ɗin, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Mutumin ya ce hawan jini ba ya sa a kori kowa daga ƙasar, amma shi da kansa yana kai mutum inda ba a tambayar biza. Ya ce ni da Baba mu zo asibiti a ranar, khalas, magana ta ƙare.

Tasi ɗaya muka shiga. A hanya Baba Sule ya kakkaɓe mini gashi daga gwiwa.

An sabunta bizata lafiya lau, ina shan ƙwayata kullum, sunana kuma ya koma Alhaji Layi har yau. Tun daga lokacin, in bakina ya fara ƙaiƙayin yi wa jama'a bayanin abin da ban sani ba, sai in fara leƙa bayan labule.