Nomau da Reshen Mangwaron Kawu

A ƙauyen Rafin Kanya an yi wani mutum, Nomau, mai ƙarfi kamar ingarma, mai zuciya fara tas. Matsalarsa ɗaya ce, yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta. Yana zaune da matarsa Tabawa a gidan kawunsa Cindo. A bayan gidan akwai wani tsohon mangwaro da kakansu ya shuka. A shekarar nan ya yi 'ya'ya har babban reshensa ya sunkuyo, gindin reshen ya fara tsagewa.

Wata rana Kawu Cindo zai tafi kasuwa, ya ce, "Nomau, ka sa wa reshen nan ido." Nomau ya ce to. Ya zarce wurin mahauci ya roƙo idon saniya guda biyu, ya kafe su a jikin reshen da ƙaya. Da Kawu ya dawo ya ɗaga kai, sai ya ga mangwaro yana hararsa. Ya saki buhun gishiri ya kwasa da gudu yana salati.

Wata rana kuma Kawu ya ce, "Abin da reshen nan yake bukata goyon baya ne." Nomau ya shiga ɗaki ya ɗauko zanen Tabawa da majanyi. Ya duƙa ƙarƙashin reshen, ya goya shi, ya tamke. Tun hantsi har azahar yana tsaye, tururuwa na yawo a wuyansa. Tabawa ta kawo masa fura ta tarar yana jijjigawa.

Ta ce, "Maigida, me nake gani haka?"

Ya ce, "Yi a hankali, yanzu ya samu barci."

Dariya ta sa furar ta ƙare a ƙasa.

Wata rana Kawu ya miƙa masa igiya, ya ce, "Ɗaure shi a jikin abu mai ƙarfi." Nomau ya duba gidan kaf, bai ga abin da ya kai bijimin huɗa ƙarfi ba. Ya ɗaure igiyar a ƙahonsa. Bijimi ya hango ciyawa ya yunƙura, mangwaro ya zubo kamar ruwan sama, tsagar ta ƙara buɗewa. Ranar duk unguwa ta sha mangwaro, ban da Kawu, wanda ya zauna ya yi tagumi.

Da gari ya waye Kawu ya shafa jikin reshen, ya ce, "Babu yadda zan yi, sai sara. Nomau, ka haɗa shi da Dogo ta waya." Dogo kuwa mai saran itace ne a ƙauyen gaba, shi Kawu yake so a buga wa waya. Nomau ya ɗaga kai ya ga reshen tsakiya, miƙaƙƙe, wanda ya fi kowanne tsawo. Ya ce, "Ga Dogo nan kusa ma." Ya warware wayar tsohon shinge, ya hau. Ya naɗa tsohuwar taya a jikin rassan don kada wayar ta ji musu ciwo, ya ɗaure mai sunkuyon a jikin dogon, ya ja har tsagar ta haɗe bakinta.

Da la'asar hadarin farko ya taso da iska mai tsanani. Bishiyoyin maƙwabta suka yi ta karyewa. Kawu ya fito bayan ruwa ya ɗauke, yana shirin ganin ɓarna, sai ya tarar da reshen na nan a sama, da sauran 'ya'yansa. Malamin gona ma da ya zo duba asarar mutane ya tsaya yana kallon wayar, ya ce ai haka masana suke yi, a nuna masa wanda ya ɗaura.

Kawu ya rungume shi yana dariya har da ƙwalla. Ya ce, "Nomau, ashe kana da kai!"

Nomau ya cire hula ya shafa a hankali, ya ce, "Tun da aka haife ni yana nan, Kawu. Sai yau ka gan shi?"